Filin Tambaya da Amsa: Kuɗina kaɗan ne, wace laftof zan saya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin laftof ne suka cika min akwati, kuma in ka duba da kyau kusan duk tambaya ɗaya ce aka canza mata riga: kuɗina kaɗan ne, wacce zan saya da ba za ta zame min ciwon kai ba? Na tsinci waɗanda suka fi shafar kowa, wasu na rage musu tsawo, sunaye kuma na cire. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya karanta har ƙasa, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni malamar makaranta ce, aikina bai wuce rubuta jarabawa da haɗa sakamakon ɗalibai a Excel ba sai ɗan mitin na Zoom, yara kuma su yi aikin gida su kalli YouTube. Toh na tara 'yan kuɗina na je saye sai aka nuna min guda biyu kuɗinsu kusan ɗaya, ɗaya sabuwa ce fil a kwalinta siririya gwanin sha'awa an rubuta Celeron N4020 ram 4 ma'ajiya 64, ɗayar kuma ta hannu ce baƙa har da ɗan ƙarzuwa a murfi, Dell Latitude, wai i5 ce janareshan na takwas ram 8 SSD 256. Maigidana ya ce sabo sabo ne in ɗau sabuwar, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Wacce zan ɗauka?
Daga wata malamar firamare

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. A gaida min maigida, amma wannan karon ki lallaɓa ki ba shi haƙuri, baƙar nan mai ƙarzuwa za ki ɗauka, in dai ta ci gwajin da zan lissafa can ƙasa a amsar wani bawan Allah.

Sabuwar nan kyan ɗan maciji gare ta. Windows 11 da kanta, mafi ƙarancin abun da Microsoft ta ce tana buƙata kafin ma ta yarda ta hau kwamfuta shi ne ram gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, kinga kenan ita wannan an ƙera ta ne daidai bakin layi, ba rara ko ta kwabo. Windows ɗin kaɗai za ta kwashe fiye da gigabait 20 ta zauna a kai, ki sa Office, ki sa Zoom, yara su sauke abu biyu uku, sai wata rana a turo sabuntawa ta ce miki babu wuri. Kuma 64 ɗin nan yawanci ba SSD ba ce ta gaske, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, eMMC ake ce mata, 'yar'uwar memorin waya ce aka liƙe a jikin bod, ba a cirewa ba a ƙarawa. Ram ɗin ma galibi haka yake a liƙe. Wato yadda kika saye ta haka za ta mutu, ba ta da wani gobe.

Ram shi ne faɗin wurin da kwamfuta ke baje abubuwan da kika buɗe a lokaci guda. Da gigabait 4, ki buɗe Zoom ki buɗe Excel ki buɗe shafi biyar shida a Chrome, sai ki ga kin danna abu tana tsaye tana kallonki, ga shugaban makaranta yana ta kiran sunanki a mitin ke kuma kina jiran maus ya motsa. Furosesan Celeron ɗin kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kai biyu gare shi masu raba aiki tsakaninsu, an yi shi ne don ya sha wuta kaɗan ba don ya yi gudu ba. Ita kuwa i5 ta zubi na takwas, janareshan ɗin da suka faɗa miki kenan ni zubi nake ce masa, kai huɗu gare ta, ko a yau tana ɗaukar duk aikin da kika lissafo ba tare da ta yi gumi ba.

Sai maganar jiki. Su Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo da EliteBook ko ProBook na HP ba don shago aka fara yin su ba, kamfanoni da ma'aikatu ne ke sayensu ɗaruruwa su raba wa ma'aikata, bayan shekara uku ko huɗu su sauya sababbi, tsofaffin su shigo kasuwa. Toh mai sayen ɗari biyar a tashi ɗaya ba ya wasa da inganci, don haka za ki ga gaɓar murfinsu ƙarfe ce mai ƙwari, kibod ɗinsu na jure bugu, ƙasansu noti ne kawai a kwance a buɗe, kamfanonin ma sun saki littafin gyaransu kyauta a intanet, kayan gyara kuma birjik saboda an yi su da yawa. Masu araha na shago kuwa roba ce, kuma wurin da suke fara mutuwa shi ne gaɓar murfi, kina buɗewa kina rufewa wata rana ki ji ƙas, noti ya tsinke daga cikin robar ya taho da gefen gilashi. Na ga irin wannan ba adadi, tun ma ba gidan da yara ke ɗaga laftof ta murfi ba.

Amma kar in yi miki daɗin baki, ta hannu tana da nata. Ba garanti sai ɗan abun da mai sayarwa ya yarda ya ba ki, kuma batirinta ya riga ya sha duniya. Shi ya sa nake cewa kar ki zuba kuɗinki kaf a kan laftof ɗin, ki rage wani abu a gefe na sabon batir, in hali ya yi a ƙara ram ya kai 16. In kuma Alhaji ya kafe lallai sai sabuwa a kwali, toh ba laifi amma a ƙara haƙuri a ƙara tari, a nemi aƙalla Core i3 ta 'yan shekarun nan ko Ryzen 3 ko Ryzen 5 na kamfanin AMD, ram 8, SSD 256. Ƙasa da haka araha ce da ba ta ado.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai i7 nake so gaskiya, abokina ya ce in ba i7 ba duk shirme ne. Na samu wata i7-7500U mai shagon ya ce ta fi i5-8250U da ke gefenta nesa ba kusa ba kuma ya ɗora mata kuɗi sama. In biya?
Daga wani ɗalibin jami'a

AMSA: Kar ka biya ƙanina. Abokin nan naka da mai shagon, sitika kawai suke karantawa. Wannan i7 ɗin kai biyu gare ta, i5 ɗin da kake rainawa kai huɗu, don daga zubi na takwas ne, wanda ya fito a 2017, Intel ta ninka kawunan furosesoshin ƙananan laftof. In aka jera su aka ba su aiki mai nauyi i5 ɗin za ta gama ta zauna tana jiran i7. Za ka biya ƙarin kuɗi ne ka sayi wadda ta fi rauni, don kawai a ga 7 a jikin sitika.

Ga yadda ake karanta lambar, ka riƙe ta ko'ina za ta yi maka amfani. Bayan i5 ko i7 akwai ɗan layi, lambar da ta biyo baya ita ce zubi. 7500U na bakwai, 8250U na takwas. Daga na goma sai ka ɗau lamba biyu na farko, 10210U na goma, 1135G7 na sha ɗaya, 1235U na sha biyu. Duk wanda ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru bai faɗa maka komai ba tukuna, don akwai i7 ta 2011 akwai ta 2022, kamar mutum ne ya ce maka motarsa babba ce bai faɗi shekararta ba.

Akwai kuma abun da ya fi gudu muhimmanci. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ɗan ƙarin wa'adi na wucin gadi ga wanda ya yi rajista, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, in ka cire wasu 'yan tsiraru. Zubi na bakwai kenan ya faɗo ta bayan katanga. Eh na sani, akwai dabarar da masu gyara ke yi su cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta, za ma ka iya tarar da ita a kan wannan i7 ɗin tana aiki lafiya lau, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba, toh me zai kai ka sayen abun da tun ranar farko a kan dabara yake tsaye? In ɓangaren AMD ka leƙa, a laftof ka fara daga Ryzen 3000 zuwa sama, irin su 3500U da 4500U da 5500U. Can ma akwai ɗan tarko a jerin 7000, lamba ta uku ce ke nuna ƙirar ciki, 7520U tsohuwar ƙira ce aka sa wa sabon suna, 7530U ta fi ta.

TAMBAYA: Salam. Tambayata biyu ce. Wata tana da 1TB wata 256 kacal amma mai 256 ta fi tsada, wannan ba cuta ba ce? Sannan ƙanwata ta sayi mai 256 da muka duba sai muka ga 238, ina sauran suka tafi ko mai shagon ne ya cire?
Daga wata 'yar kasuwa

AMSA: Hajiya ba wanda ya cire komai, ki wanke bawan Allah. Masu ƙera ma'ajiya da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024 take ƙirgawa, shi ya sa 256 ke fitowa 238, 512 ta fito 476. Kowa haka tasa take.

Ta farkon kuma, mai 1TB ɗin nan kusan tabbas HDD ce, tsohuwar ma'ajiya mai faifai da ke juyawa a ciki sau 5400 a minti ɗaya da ɗan hannu mai bin sa yana karantawa. Tana da faɗi amma tafiyar hawainiya take, in ta yi ƙoƙari ta karanta megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, SSD mafi sauƙi tana kai 500, SSD irin ta NVMe kuwa dubbai ake magana. A aikace bambancin shi ne wadda za ki kunna ki fara aiki cikin daƙiƙa ashirin da wadda za ki kunna ki je ki dawo ki tarar tana shiri. Kuma abu mai juyawa ba ya son faɗuwa, laftof ta zame daga kan gado tana kunne shikenan hotuna da lissafin shekaru sun tafi. Ki ɗau mai SSD. In wuri ya yi miki kaɗan ki sayi ma'ajiya ta waje ki zuba bidiyoyi a ciki, dama ya kamata duk takardun kasuwancinki su kasance wuri biyu, don SSD ma in ta tashi mutuwa ba ta sallama.

TAMBAYA: Malam ni fa tsoron kayan hannu nake, sau biyu ana yi min sakiyar da ba ruwa a waya. Yanzu laftof nake so ta aikin ofis da gida kuma kuɗina ba za su kai sabuwa mai kyau ba. Ta yaya zan gane lafiyayya tun a wurin kafin in miƙa kuɗi, tunda ni ba injiniya ba ne?
Daga wani ma'aikacin ofis

AMSA: Yallaɓai ba sai ka zama injiniya ba, minti talatin kawai kake buƙata da rashin kunya kaɗan. Nima an taɓa yi min, kuma a lokacin ina ganin na san kan abun. Wata na saya wa ƙanwata, tsaf da ita kamar ba a taɓa ta ba, mai sayarwar yana ta jana da hira caja na jone a bango tun da na zauna har na tashi, ni kuma ban kawo komai a raina ba. Muna isa gida aka kunna ba caja, ko minti ashirin ba ta yi ba ta ɗauke ɗif. Da na koma sai ya ce ai ban tambaya ba. Kuma gaskiyarsa, ban tambaya ba.

Saboda haka abu na farko, kana zama ka zare cajar da hannunka, duk gwajin da za ka yi a kan batir za ka yi shi, ka lura da kashi nawa ta fara da kashi nawa ta ƙare. Sannan ka danna maɓallin Windows ka rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai nuna maka inda ya ajiye rahoto, ka buɗe. Layi biyu kawai za ka nema, Design Capacity wato abun da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity wato abun da yake iya ɗauka yau. In na biyun ya kai kashi 80 cikin ɗari na na farkon, madalla. In ya yi ƙasa da 60 ka san sabon batir na jiranka, a rage maka kuɗinsa a ciniki. Ka kuma shafa wurin maus da tafin hannu, in ka ji ya taso ko ƙasan laftof ɗin ya yi ciki ba ta zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura, wannan ba abun wasa ba ne don yana iya kamawa da wuta.

Na biyu, wanda mutane ba sa yi kuma shi ya fi cin mutum: ka kashe ta, ka kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, a Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a ThinkPad F1. In ta tambaye ka kalmar sirri ko ka ga saitin a kulle ba ya taɓuwa kuma mai kayan ya fara "ai ba komai ba ne wannan", ka ajiye masa kayansa ka yi gaba. A wasu ƙirar cire wannan kullen sai an taɓa bod. A nan cikin BIOS ɗin kuma za ka ga ainihin sunan furosesa da yawan ram, don abun da Windows ke nunawa ana iya canza rubutunsa, akwai 'yan damfarar da ke mai da i3 ta koma i7 a rubuce. Ƙaramar manhajar nan CPU-Z ma tana tona asiri. Haka nan in ka ga tana nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman a shiga da imel ɗinsu, toh ba a sake ta daga rajistarsu ba, ko an goge an sake zuba Windows da ta hau intanet za ta koma gidan jiya.

Ka juya ƙasanta ka karanta lambar jikinta, a Dell Service Tag suke ce mata, haruffa da lambobi bakwai, ka sa a shafin kamfanin ta wayarka, zai faɗa maka ƙirarta da lokacin da aka fitar da ita. Lenovo da HP ma suna da irin wannan.

Sauran na ido ne da hannu. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, kar ka ji nauyin mai shago ko yana tsaki. Buɗe farin shafi ya cika gilashin ka nemi ɗigo ko tabo ko wurin da haske ya fi yawa, sannan ka yi haka da baƙi. Ka je da filash ɗinka ka soka a kowace ƙofa, ka gwada kyamara da makirfo da sifika, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka ka kunna bidiyo ya yi minti goma kana sauraron fanka, in tana ihu kamar za ta tashi sama ko gefen ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, akwai magana. Ka buɗe murfin ka rufe sau biyar a hankali kana kallon kusurwoyi ko suna buɗe baki. In da hali a sa CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna lafiyar SSD da awa nawa ta yi tana aiki a rayuwarta. Cajar ma ka duba ta asali ce ko jabu, jabun caja ba nauyi a hannu kuma ita ke kashe batir da bod a hankali.

Daga ƙarshe a rubuta maka rasit da lambar jikin laftof ɗin a kai da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita, ko mako ɗaya ne. Wanda ya hana ka gwaji ko ya ce sauri yake, ya riga ya ba ka amsa. In ta intanet za ka saya kuwa, inda ba ka gani ba ka taɓa ba, toh sai wurin da ke da tsarin mayar da kaya a rubuce, in ba haka ba cinikin biri a sama ne.

TAMBAYA: Wane kamfani ne ya fi? Gidanmu an rabu biyu, 'yan HP da 'yan Dell, ni kuma wani ya ce min Lenovo.
Daga wani magidanci

AMSA: Duk ku zauna, ba wanda ya ci. Kowane ɗayansu yana yin na ƙwarai yana yin na a-sayar-a-huta, layin za ka duba ba tambarin ba. ThinkPad, wadda IBM ta fara a 1992 kafin Lenovo ta saye sashen a 2005, daban take da IdeaPad mai araha duk da gida ɗaya suka fito, haka EliteBook da ƙananan HP na shago, haka Latitude da Inspiron. In ni za ka tambaya son raina, ThinkPad T480 ta 2018 nake ƙauna saboda daɗin kibod da gurbin ram biyu da batir ɗin waje da ake zarewa da hannu a sa wani, amma EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 sa'anninta ne, duk wadda ka samu lafiyayya cikin ukun ka ɗauka ka bar musu gardamar. Abu ɗaya dai, ko wacce ce ka duba gilashin ya zama 1920 da 1080, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, don akwai masu 1366 da 768 a cikinsu, dishi-dishi, in ka ɗan karkata kala ta juye, kuma ido ne zai biya bashin. Mai yawan yawo da ita ya ɗau inci 14, mai aikin lissafi a tebur ya ɗau 15.6 saboda yawancinsu suna da maɓallan lambobi a gefe.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni MacBook nake mafarki amma sabuwa ta fi ƙarfina, na ga tsofaffi masu sauƙi. Ƙawata kuma ta ce in sayi Chromebook ya fi araha. Rubutu nake yi da ɗan gyaran hoto.
Daga wata marubuciya

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. In Mac za ki saya ta hannu, ki fara daga MacBook Air mai M1 da ta fito ƙarshen 2020, kar ki sauka ƙasa da nan. Ba ta da fanka sam don haka shiru take, batirinta na kai mutum wuni, rubutu da gyaran hoto ba sa ba ta wahala. Tsofaffin masu Intel ɗin da kika gani da sauƙi akwai dalilin sauƙin, Apple ta riga ta sanar tana sallamarsu daga sababbin manhajojinta, kuma yawancin na tsakanin 2016 da 2019 suna da wani siririn kibod da ƙura kaɗan ke hana maɓalli aiki, ke kuma marubuciya ce. Ki sani kuma ram da ma'ajiyar M1 ba a ƙara su har abada, ƙofofinta biyu ne kacal na USB-C sai ta iyafis, gyaranta kuma akwai tsada. Mafi girma, mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud a gabanki, a goge ta ki shiga da naki kafin kuɗi su bar hannunki, in ba haka ba kin sayi faranti mai tsada.

Chromebook kuwa, wato laftof mai tsarin Google maimakon Windows, ba shi da laifi in rayuwarki duk a cikin burauza take, Google Docs da imel da kallo. Amma cikakken Word da Photoshop irin na Windows ba sa hawa, kuma in intanet ɗinki ba tsayayye ba ne za ki ji a jikinki. Kowane ɗaya kuma yana da ranar da Google za ta daina sabunta shi, na yanzu shekara 10 ake ba su daga fitowar ƙirar, tana rubuce a cikin saitin, masu arahar nan da yawa wa'adinsu ya ƙare ko ya kusa.

TAMBAYA: Baba na ne ke da tsohuwar laftof tun 2014, a hankali take kamar me kuma an ce ba za ta ɗau Windows 11 ba. Mu jefar?
Daga wani matashi

AMSA: A'a, kar ku jefar. In HDD ce a ciki a sa mata SSD, ram a kai shi 8, za ka rantse wata aka canzo. In aikin Baba bai wuce karatu da rubuta wasiƙa da kallon bidiyo ba, a zuba mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da ya saba, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma ana ci gaba da sabunta ta. Ka dai kwashe masa hotuna da takardunsa a filash tukuna kafin a taɓa komai, ka kuma zauna da shi kwana biyu har hannunsa ya faɗa. Abun da ba zan so ba shi ne a bar ta a Windows 10 da ba a sabuntawa yana shiga banki da ita.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne barin laftof a caji kullum yana kashe batir?
Daga wata uwar gida

AMSA: Ba ya cika har ya fashe kamar yadda ake faɗa, in ya kai ɗari da kansa yake tsayawa. Amma batirin lithium ba ya son zama a cike dam kullum, ba ya son a tatse shi har sifili, zafi kuma shi ne babban maƙiyinsa. In yawanci a tebur take, ki duba manhajar kamfanin, irin Lenovo Vantage ko MyASUS, akwai wurin da ake cewa caji ya tsaya a kashi 80 ko ƙasa da haka. Kuma dan Allah a daina ɗora ta kan katifa da filo, ta ƙasa take shaƙar iska.

TAMBAYA: Malam ɗana ya dage sai na saya masa laftof ɗin gem mai fitilu wai ita ce ta dace da karatunsa, shekararsa ta farko a sashen koyon aikin lauya. Ni ban san komai a harkar ba.
Daga wani uba

AMSA: Alhaji, yaron nan lallai zai yi lauya, tun yanzu ya fara kare ƙarar da ba ta da tushe. Karatun shari'a karatu ne da rubutu, ba ya buƙatar katin zane na musamman, wato sashen sarrafa hoto da ke cikin laftof ɗin gem, wannan sai masu zanen gine-gine da masu haɗa bidiyo mai nauyi. Ta gem ɗin nan ta haura kilo biyu, cajarta kaɗai kaya ce, batirinta ba ya kai shi ƙarshen lacca ta biyu, ga fanka na huci a laburare mutane na juyowa. Ka saya masa mai inci 14, i5 ko Ryzen 5, ram 16 in da hali, SSD 512. In ya fara cin kuɗin lauya ya sayi mai fitilun da kansa.